Jirgi a gidan tarihi, gammo a ƙauye: mota, jirgin sama da aikin tilas a ƙasar Arewa (1899–1946)

1. Gabatarwa

Wannan ƙasida ta samo tushe daga ziyarar gidajen tarihi guda biyu. Na farko shi ne gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget, a arewacin birnin Pari. Na biyu kuwa shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa Bubu Hama da ke Yamai. Tambaya ɗaya na shiga da ita wuraren biyu: ina aka ajiye tarihin zuwan mota da jirgin sama ƙasar Arewa? Mai karatu ya lura, a wannan rubutu «Arewa» sunan ƙasar Arawa da Gubawa ne, wato yankin Dallol Mawri, wanda tun 2011 aka raba shi gunduma biyu, Dogondutsi da Tibiri, cikin jihar Doso. Ba arewa kishiyar kudu ake nufi ba.

Abin da nake son nunawa shi ne, tun daga zuwan motocin farko har zuwa 1946, inji bai sauke wa talakan Arewa kaya daga ka ba. Ƙara masa ya yi. Mota da jirgi sun shiga gidajen tarihi na Turai an goge su suna ƙyalli, amma ƙarfin da ya share musu hanya bai shiga ko'ina ba. Za mu fara da abin da ake nunawa, sa'an nan mu koma Dallol Mawri mu nemi abin da ba a nuna ba.

2. Abin da ake gani a Le Bourget

An kafa gidan tarihin jiragen sama na Faransa a 1919, shekara ɗaya bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya aka mai da shi tsohon filin jirgi na Le Bourget. Babban zaurensa yana cikin tsohuwar tashar fasinja ta 1937. A nan ne ake ganin jiragen farko, na katako da yadi da waya, wasu a rataye a sama, wasu a ƙasa. Wanda ya shafe mu shi ne samfurin Breguet 14, jirgin yaƙi mai fukafukai hawa biyu. In mutum ya tsaya kusa da shi, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne rashin kaurinsa: matuƙi na zaune a fili, iska na dukansa, tsakaninsa da sarari babu komai sai ɗan bango mai kaurin faifai.

Da irin wannan jirgi ne sojan Faransa suka fara ƙetare Sahara ta sama. Ranar 18 ga Fabrairu 1920 jirage biyu suka tashi daga Tamanrasset suka nufi kogin Kwara. Na kumandan Joseph Vuillemin ya kai yankin Menaka. Ɗayan, wanda ke ɗauke da Janar Laperrine, ya ɓace hanya, mai ya ƙare, ya kife a tsakiyar hamada. Laperrine ya mutu ranar 5 ga Maris sakamakon raunukan da ya ji. Matuƙin da makanikensa sun tsira, kuma ya kamata a lura da waɗanda suka tsirar da su: sojojin raƙuma ne suka iske su. Tun ranar farko ke nan jirgi ya dogara ga abin da aka ce ya zo ya maye gurbinsa.

Shekara biyar bayan haka jirage suka ziyarci Yamai. A watan Fabrairu 1925 manyan jirage biyu samfurin Blériot 115, ƙarƙashin Kanar de Goÿs, suka iso kan hanyarsu daga Pari zuwa tafkin Cadi. Wajen tashi daga Yamai, wanda ake kira «Jean Casale» ya faɗi. Ma'aikacin rediyo ya mutu, Vuillemin ya ji mummunan rauni, tafiyar ta tsaya nan. Cikin makonnin da suka biyo baya ɗan Beljika Edmond Thieffry, wanda ya bar Burusel ranar 12 ga Fabrairu, ya bi ta Yamai da Damagaram, ya isa Léopoldville (Kinshasa ta yau) ranar 3 ga Afrilu. A ɗaya ɓangaren iyaka kuma, jirage uku na sojan Ingila, samfurin DH.9A, suka taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. A ƙarshen 1933 Vuillemin, wanda a lokacin ya zama janar, ya dawo da jirage 28 samfurin Potez 25, suka kewaya mallakar Faransa ta Afirka, ciki har da zangon Yamai zuwa Damagaram. Daga tsakiyar shekarun 1930 jiragen wasiƙa da fasinja suka fara zirga-zirga a kai a kai: Régie Air Afrique ta Jean Dagnaux, Sabena ta Beljika, da Aéromaritime wadda ta haɗa Kwatano da Yamai a 1935.

Duk wanda ya ɗauki taswira ya ja layi miƙaƙƙe daga Yamai zuwa Damagaram zai ga layin ya bi ta kan Dogondutsi, don garuruwan uku kusan a jere suke daga yamma zuwa gabas. Matuƙan wancan zamani kuwa da ido suke tafiya, suna bin kogi ko hanyar mota, kuma dutsen da ya ba garin sunansa alama ce da ba ta ɓuya. Ashe Arewa tana cikin wannan tarihi, amma daga ƙasa, tana kallon sama.

Ita ma motar tana da nata gidajen tarihi. Ayarin kamfanin Citroën da aka yi wa laƙabi da «Croisière noire», ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, ya bar Colomb-Béchar ranar 28 ga Oktoba 1924 da motoci 8 masu ƙafar sarƙa a baya. Sun gangaro kogi zuwa Yamai, suka bi ta Doso da Tasawa zuwa Damagaram da tafkin Cadi, tafiyar ta ƙare a Madagaska a watan Yuni 1925. Léon Poirier ya ɗauki fim, Alexandre Iacovleff ya zana hotunan sarakuna da mahaya dawaki. Kayan da Audouin-Dubreuil ya tara suna gidan tarihin garinsu, Saint-Jean-d'Angély. Ba laifin waɗannan gidaje ba ne da suka ba da labarin inji da matuƙi, don aikin da aka kafa su dominsa ke nan. Laifin zai zama namu in muka ɗauki labarinsu a matsayin tarihin sufuri na Nijar.

3. Itacen da mota ta kayar

Gidan Tarihi na Ƙasa an buɗe shi a Yamai a watan Disamba 1959, da ƙoƙarin Bubu Hama da Pablo Toucet, wanda ya zama shugabansa na farko. An san shi da rumfunan tufafin gargajiya, kayan kiɗa, ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe irin na Gadufawa, rumfar yuraniyom, gidan namun daji da masu sana'ar hannu. Abin da na tarar ya fi kusa da tambayata ba inji ba ne: busasshen itace ne a cikin ɗan gini nasa na musamman.

Itacen Tenere ke nan. Shi kaɗai yake tsaye a kan hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Fashi da Bilma, babu wani itace kusa da shi a tafiyar kwanaki. Da aka haƙa rijiya a gefensa a 1938–1939, an iske saiwoyinsa sun kai ruwa a zurfin fiye da mita 30. Ayarin raƙuma sun daɗe suna wucewa ta gindinsa, ba wanda ya karya reshensa don hura wuta. A 1959 Henri Lhote, yana tare da ayarin manyan motocin Berliet, ya tarar mota ta riga ta karya masa ɓangare ɗaya. A 1973 wata babbar mota ta ƙarasa shi, aka ɗauko gawarsa zuwa Yamai a watan Nuwamba na shekarar, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa.

A ganina wannan itace ya fi motar da ta kayar da shi koyarwa, domin yana nuna cewa kafin inji akwai tsarin sufuri cikakke, mai alamominsa da dokokinsa. Sai dai labarin hamada ne. Na Dallol Mawri dabam yake.

4. Yadda Arewa ta zama kan hanya

Kafin zuwan Turawa, zirga-zirgar Arewa ta fi bin tsawon kwarin, daga arewa zuwa kudu, inda ruwa ke kusa kuma rijiyoyi ba su da zurfi. Daga Adar da Kurfai ana gangarowa ta Matankari zuwa ƙasar Samna na Tibiri, a wuce Kabi da Dandi. Gishirin Foga yana haurowa a kan jakuna da takarkarai, hatsi da dabbobi suna gangarawa. Manyan kasuwannin da Arawa ke fuskanta suna kudu da gabas: Argungu, Jega, Sakkwato. Ta Jega ne ake haɗuwa da babbar hanyar fataken goro zuwa Gwanja, wadda Paul Lovejoy (1980) ya yi nazari a kanta. Kayan aikin wannan sufuri kowa ya san su: akumari da mangala, taiki, salka, da gammo a kan ɗan dako.

Ayarin Turawa na farko da ya ratsa ƙasar da ƙarfi ya zo ne a kan wuyan mutane. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta nufi tafkin Cadi a 1899, tana jan ɗaruruwan ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, kuma duk inda ta sauka sai ta nemi hatsi, ruwa da sababbin masu ɗaukar kaya. Ta bi ta Matankari, ta yi karo da mutanen Sarauniya a Lugu ranar 16 ga Afrilu, ta wuce ta hallaka Birnin Ƙonni a watan Mayu. An yi rubutu da yawa kan ta'asar wannan runduna. Abin da ba a cika jaddadawa ba shi ne cewa matsalarta ta yau da kullum matsalar sufuri ce: baki da yawa, rijiya kaɗan, kaya masu nauyi, babu dabbobi isassu. Wannan ba ya wanke kowa. Yana dai nuna mana matsalar da mulkin Faransa zai yi ta fama da ita shekara arba'in, da kuma wanda za a ɗora wa nauyinta.

A kan takarda ma, Voulet ya shiga ƙasar da ba ta Faransa ba. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 tsakanin Faransa da Ingila ta sa iyaka ta bi tsakiyar Dallol Mawri har ta haɗu da wani da'ira mai nisan mil 100 (kimanin kilomita 160) daga Sakkwato. Gabashin kwarin da Ƙonni suka faɗa ɓangaren Ingila. Sakamakon haka, duk ayarin Faransawa da zai tashi daga kogi zuwa Damagaram sai ya yi zagaye ta Filinge da Tawa, ta ƙasar da rijiyoyinta ke nesa da juna. Dabbobi na mutuwa, ƴan dako na gudu. Faransa ta yi ta neman a gyara iyakar domin ta samu hanya mai ruwa, ta samu biyan bukata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, sa'an nan Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi ƙasa suka kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908.

A nan ne ya kamata mu dakata. Arewa ba ta shiga Nijar don arzikinta ba, ko don wani la'akari da tarihin Arawa. Ta shiga ne don rijiyoyinta suna kan hanya. Iyakar da aka ja ta raba dangi, ta bar Kangiwa da sauran garuruwan Arawa a Nijeriya. A cikin gida kuma ta sauya ma'aunin garuruwa. Matankari ce tsohuwar mazaunin Sarkin Arewa, amma a 1906 Faransawa suka zaɓi Dogondutsi, sarauta ta koma can, kamar yadda ake iya bi a littafin Marc-Henri Piault kan tarihin Mawri (1970). Tibiri, wadda ke kan tsohuwar hanyar kudu, ta koma gefe, tana kallon iyaka. Hanyar da ke bin kwari ta zama ƙaramar hanya, wadda ke gitta shi daga yamma zuwa gabas ta zama babba. Ƙauyen da ya dace da ita, irin Kore Mairuwa, ya samu kasuwa da tasha.

A littafinsa kan mallakar Nijar (1927), Maurice Abadie ya lissafa hanyar Yamai zuwa Ngigmi, mai tsawon kilomita 1375, cikin manyan hanyoyin ƙasar, ya nuna cewa mota na iya bin mafi yawanta da rani. Kalmar «da rani» ita ce mabuɗin sashe na gaba.

5. Wa ya share hanyar?

Hanyar da mota ke bi da rani kaɗai hanya ce da ake sake yi kowace shekara. Damina na cinye ta: ƙorama ta yanke ta, rairayi ya rufe ta, ciyawa ta tsiro. Da kaka ta yi sai a fito da mutane. A sare itatuwa a tumɓuke kututture, a haƙo marmara daga gindin tudu, a ɗauko ta a kwando a ka, a zuba, a yayyafa ruwa, a daɓe. Inda rairayi ya yi yawa, kamar tsakiyar Dallol, a shimfiɗa kara da rassa don kada ƙafar mota ta nutse. Ruwan da za a yayyafa, da wanda ma'aikata za su sha, daga rijiya ake jawo shi da guga. Babu inji ko ɗaya a cikin wannan aiki; gatari ne, da fartanya, da kwando, da tulu.

Dokar da ta ba da izini ita ce ta aikin da Faransawa ke kira «prestations», wadda aka tsara a Afirka ta Yamma a 1912: kowane namiji baligi mai lafiya zai ba gwamnati wasu kwanaki a shekara kyauta, kimanin goma a kan takarda. Bayanta akwai dokar «indigénat», wadda ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ko cin tararsa ba tare da shari'a ba. Kumandan ba ya shiga ƙauye ya zaɓi mutane da kansa. Yakan faɗa wa sarkin kanto adadi, sarki ya raba wa masu gari, dogarai da gardi su tattaro. Saboda haka nauyin bai faɗa daidai a kan kowa ba: wanda ke da dangi a fada ko abin ba da toshiya ya kuɓuta, marar gata ya tafi sau biyu. Duk mai son fahimtar ƙiyayyar da ta wanzu tsakanin wasu gidajen sarauta da talakawansu har bayan mulkin kai, to ya fara daga nan.

Motocin Citroën da muka ambata ba su ɗauko man da zai kai su Madagaska ba. An riga an aika da wasu ƙananan ayarori sun jibge man fetur, man inji da kayan gyara a zango-zango, kuma waɗannan kaya sun isa wurarensu ta jirgin ruwa, da raƙumi, da kan mutum. A dajin Kwango dubban mutane aka fitar suka sare musu hanya. Shi ma jirgin sama haka: tun da injinsa na iya tsayawa a kowane lokaci, sai an share filayen saukar gaggawa a bakin hanya, a cire duwatsu, a rushe gidajen gara, a sa alama da farar ƙasa, a sake yi bayan kowace damina. Jirgin da ya yi zangon Yamai zuwa Damagaram cikin ƴan sa'o'i yana bin sawun aikin watanni na dubban hannuwa. A 1926 kuma aka mai da babban birnin mallaka daga Damagaram zuwa Yamai, zamanin Gwamna Brévié, ginin sabon birnin ya ƙara jan ma'aikata da hatsi daga yammacin ƙasa.

Akwai hujjar da ake kawowa, wadda bai kamata a yi watsi da ita ba: cewa mota ce ta kashe dako, tun da babbar mota ɗaya na ɗaukar kayan mutum ɗari. Gaskiya ne, amma a ƙarshe. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu motocin ƙasar kaɗan ne, kusan duka na gwamnati ne da na kamfanonin Turawa. Manomi bai hau ba, hatsinsa ma a kan jaki yake zuwa kasuwa. Abin da ya samu shi ne aiki biyu a maimakon ɗaya: dakon bai ƙare ba, ga gyaran hanya ya ƙaru. Yunwar 1931, wadda Finn Fuglestad (1974) da Boureima Alpha Gado (1993) suka yi nazari a kanta, ta nuna iyakar amfanin hanyar. Fara ta cinye amfanin gona, ba a sassauta lanho ba, hanyar mota tana nan amma ba ta kawo abincin da zai tsirar da jama'ar yamma ba. Waɗanda suka tsira da yawa da ƙafa suka tsira, suka bi tsofaffin hanyoyi zuwa Nijeriya. Ga Ba'are, kusancin iyaka shi ne mafaka daga lanho da aikin tilas duka biyu.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyar hana aikin tilas a 1930, Faransa ta amince da ita a 1937, amma zamanin Vichy ya dawo da abin da ƙarfinsa. Shaidar wannan lokaci ta fito daga inda ba a zata ba: Jean Rouch, kafin ya zama mai fim, injiniyan hanyoyi ne da aka turo Yamai a ƙarshen 1941, kuma bai ɓoye cewa da ma'aikatan tilas ya yi aiki ba. Sai ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas a mallakar Faransa.

Abin da ya biyo baya za mu taƙaita shi. Jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911, Ƙaurar Namoda a 1929, na Dahome kuma ya tsaya a Paraku. Daga 1953 shirin «Hirondelle» ya karkata gyaɗar Nijar zuwa Paraku da Kwatano ta manyan motoci, aka gama gadar Gaya a 1958, bayan mulkin kai aka zuba wa hanyar kwalta ta zama hanyar ƙasa mai lamba 1. Dogon da aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso daga 2014 zuwa 2016 bai kai Arewa ba.

6. Inda Arewa ta ajiye nata tarihin

In ba a gidan tarihi ba, ina? Amsa ɗaya tana wurin da masanin tarihi bai saba dubawa ba, wato bori. Wajen 1925, shekarar da jiragen de Goÿs da Thieffry suka sauka Yamai, sababbin iskoki suka bayyana a ƙasar Kurfai, maƙwabciyar Arewa. Su ne Hauka, waɗanda a ƙasar Hausa ta Nijar ake kira Babule. Suna kwaikwayon soja, da kumandan, da gwamna. Hukuma ta ɗauke su a matsayin tawaye ta kama mabiyansu. A fim ɗin da Rouch ya ɗauka a Ankara ta Gwalkwas tsakanin ƴan ci-rani daga Nijar, «Les Maîtres fous» (1955), cikin iskokin da suka hau har da direban jirgin ƙasa. Wato inji da mai tuƙa shi sun shiga jerin masu iko tare da mai bindiga.

Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike a Dogondutsi, ta keɓe maƙala guda (2002) ga hanyar ƙasa mai lamba 1 da abin da mutanen garin ke faɗa a kanta. Ta nuna cewa tsofaffi na haɗa hanyar da wahalar aikin tilas, kuma ana danganta haɗurran mota da iskokin da aka sare itatuwansu ko aka gitta hanyoyinsu lokacin da ake yin ta. Ana iya yi wa wannan bayani kallon camfi a wuce. Ni ina ganin kuskure ne. Maganar cewa iskoki na da gidaje da hanyoyi a daji, kuma hanyar Nasara ta bi ta kansu, taswira ce ta ƙasar kafin 1906: tana nuna inda kurmi yake, inda ake yanka, inda ba a sara. A ƙasar da Gubawa ke riƙe da alkawarin ƙasa, kuma Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji ke da matsayinsu, sare itacen tsafi don a miƙe hanya taɓa iko ne, ba gyaran daji kawai ba. Da itacen Tenere na da baki, da irin wannan ƙara zai kai.

Sai dai kada mu wuce gona da iri. Hanyar ba baƙin ciki kaɗai ta kawo ba. Ita ce ta kai ƴan Arewa makaranta da aikin gwamnati a Yamai, ta fitar da gyaɗa da wake, ta haifar da direbobi, ƴan kamasho da masu abinci a tasha. Mutumin da ya la'anci hanyar da safe shi ne zai tsaya bakinta da yamma yana jiran saƙon ɗansa. Tarihin da ya ɗauki ɓangare ɗaya ya bar ɗaya bai fi na Le Bourget cika ba.

7. Abin da ya rage a tattara

Lokaci ya ƙure. Yaron da yake da shekara 15 a 1946 an haife shi a 1931. Masu ba da shaida da bakinsu sun kusa ƙarewa, abin da ya rage mafi yawa yana bakin ƴaƴansu da jikokinsu. Wannan shaida ta hannu na biyu tana da rauninta, amma akwai abubuwan da ba ta cika ɓatarwa ba: sunan wurin da aka haƙi marmara, sunan rijiyar da aka jawo ruwa, laƙabin da aka yi wa kumandan ko gardi, gidan da ya gudu Kabi bai dawo ba, shekarar da aka sa wa suna saboda wani aiki. Mata ma a tambaye su, don ruwa da abincin ma'aikata ta hannunsu suka bi, kuma rahoton kumandan ba ya ƙirga su.

Kayan da za a nuna, in wata rana aka keɓe wa wannan tarihi ɗaki a Doso ko a Dogondutsi, ba su da tsada: gammo, kwando, madaɓi, guga, akumari, tsohuwar gongonin man fetur, da taswira biyu a jere, ta hanyoyin kwari kafin 1906 da ta hanyar mota a 1927. A gefensu sai a rataye hoton Breguet 14, don mai ziyara ya ga abu biyun tare.

Ga ɗaliban da ke neman batun digiri, aikin farko yana Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa a Yamai, cikin rahotannin rangadi da na bayanin yanki da kumandojin Doso da Dogondutsi suka bari, tare da faya-fayen da ke IRSH da CELHTO. A fitar da sunayen ƙauyuka da adadin kwanakin aiki kamar yadda aka rubuta su, shekara bayan shekara. Daga nan a ɗauki na'urar ɗaukar magana a bi hanyar da ƙafa ko a kan babur, daga Kore Mairuwa zuwa Dogondutsi, a dawo a gangara Tibiri, Dumega da Gesheme, a karanta wa dattawan kowane gari abin da kumandan ya rubuta a kansu, a ji abin da za su ce.